Kazar da Na Yi wa Jikata Alkawari

A shekarar da aka rufe masallatai da coci-coci saboda annoba, muka yi azumi kowa a tsakar gidansa, a shekarar ne jikata ta kwanta zazzaɓi. Lokacin an sassauta kulle, damina ta yi nisa, masarar da na shuka a bayan gida ta fara goyo.

A unguwar Romi muke zaune, a kudancin kogi. Na sayi filin tun ina aiki a masaƙa, kuma da 'yan'uwa Musulmi suka riƙa hayewa arewacin kogi saboda rikice-rikice, ni ban tashi ba. Gidan kashi biyu ne. Ni ina ɗakin da ke bakin ƙofa, ɗana da matarsa da 'yarsu suna ciki. Uwar 'ya'yana Allah ya karɓi abarsa shekaru kaɗan kafin wannan, kuma sai bayan tafiyarta na gane ita ce hanyar da magana ke bi tsakanina da mutanen cikin gida.

Ɗan nan ɗan fari ne. A tarbiyyar da aka yi mini, uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya zama da shi hira, ba ya nuna ya damu da lamarinsa. Matarsa kuwa suruka ce, idan ta gaishe ni daga durƙushe take yi, fuska a kauce, ni ma in amsa ina kallon ƙasa. Mutum ɗaya ce a gidan nake da bakin yi wa magana yadda na so, ita ce jikar, wadda ba ta kai shiga makaranta ba. Amarya nake ce mata, irin wasan kaka da jika. Kowace safiya nakan tambaye ta ina tuwona, ita kuma ta ce ba za ta dafa wa tsohon da ba shi da haƙora ba.

Akwai abin da ya kamata a sani game da ɗana. Yana ɗingishi da ƙafar hagu. Yana ƙarami ya yi zazzaɓi, mahaifiyarsa ta kai shi wurin wani mai allura a kusa da masaƙa, aka yi masa a ɗuwawu, bayan kwanaki ƙafar ta saki. Wasu suka ce allurar ce ta taɓa jijiya. Wasu suka ce shan inna ce, da ma tana tafe, kuma da an ɗiga masa rigakafi da ba ta same shi ba. Har yau ban san wanda ya fi gaskiya ba. Shi dai ya tashi da maganar farko, ya riƙe ta, kuma da ya yi aure ya gaya wa matarsa cewa ƙarfe ba zai shiga jikin 'ya'yansa ba.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ni da na yi karatun allo, wanda idan zan rubuta abu da ajami hannuna ya fi sakewa, ni ake zaton zan ƙi asibiti. Su kuwa 'yan boko ne. Shi yana gyaran wuta, ita malamar firamare ce. Kuma ba sakaci suke yi ba. Suna da ma'aunin zafi a gida. Ina jin su ta taga suna auna ta, suna shafa mata ruwa da tsumma, suna ba ta farasitamol da zuma da man habbatus sauda. Surukar tana cikin wani gurup na iyaye mata a waya, inda kowace ke faɗin abin da ta gwada wa nata ɗan, sai ta karanta wa mijin, su yi ta muhawara a kai.

Wani abin da suke faɗa ban iya musa shi ba. Na ji ta tana ba shi labarin zuwanta asibiti na ƙarshe da yarinyar, kan tari. Ta wuni a layi, da ta shiga likita bai ɗaga kai ya dubi yarinyar ba, ya rubuta magunguna cike da takarda. Da ta tambaye shi amfanin kowane, sai ya ce ko ita ce likitan. Ga shi a lokacin ana ta raɗe-raɗin cewa duk wanda ya je da zazzaɓi killace shi za a yi, ba mai ganinsa. Ina zaune a kan buzuna ina jin wannan, sai in ga kamar suna da gaskiya. Can kuma in ji yarinyar tana kakarin amai, sai in rasa inda gaskiyar ta yi.

Sun sayo ƙwayar maleriya a kemis. Matsalar ita ce duk abin da aka ba yarinyar, dawowa yake yi.

Na yi abin da na iya. Na wanke allo, na rubuta ayoyin neman sauƙi, na wanke a kwano mai tsabta, na ajiye a bakin ƙofarsu na yi gyaran murya na koma. Da yamma na tarar da kwanon a wanke a bakin tawa ƙofar. Ban san ko ta sha ba, ban san ko ya zauna a cikinta ba, ba kuma wanda zan tambaya.

Maƙwabciyarmu ta katanga wata dattijuwa ce mutumiyar Filato. Da mijinta muka yi aiki a masaƙa, shi ma ya rasu. Kaji take kiwo tana sayar da ƙwai, kowa a layin Mama yake ce mata. Ita ba ta san kauce-kauce ba. Ta shiga ta ga yarinyar, ta fito ta tsaya a kaina ina alwala.

"Baba Malam, wannan wace irin kunya ce? Kai ka haife shi fa. Kira shi ka ce ya kai ta asibiti."

Na ce mata ba a haka a wurinmu. Ta ce to a wurinsu ana yi, kuma ta riga ta yi, ya ce mata ya ji, ya gode. Ina cikin jin daɗin na sami mai ra'ayi tsayayye, sai ga ta ta dawo da ganyen dogon yaro da na gwanda cike da zani, wai a dafa a yi wa yarinyar sirace, ta ƙara da cewa matan cocinsu sun sa ta a addu'a. Na tambaye ta, to asibitin ne ko ganyen? Ta ce duka, ai ba a san wanda Allah zai bi ta kansa ba. Ni ma dai abin da na yi ke nan da allona.

Washegari da hantsi na ji gidan ya yi shiru irin wanda ban so ba. Ba kuka, ba amai. Na ɗauki buta kamar zan zagaya, na shiga ciki. Surukar tana zaune a bakin ƙofa, yarinyar kwance a cinyarta, leɓɓanta sun bushe, idanu a lumshe. Ɗana yana tsaye jikin babur ɗinsa, waya a hannu, ba ya kallon wayar. Da suka gan ni, ita ta ja mayafi ta kau da kai, shi ya sunkuyar da nasa.

Na ajiye butar na tsuguna. Ban san abin da zan faɗa ba sai da na ji bakina yana faɗa.

"Amarya, yau ma babu tuwo?"

Ba ta ce ba ni da haƙora ba. Na taɓa goshinta, zafi kamar an ɗauko dutse daga rana.

"To ji nan," na ce mata. "Zan fita bakin titi in samo keke mai ƙafa uku. Idan kika yarda muka je likita ya gan ki, zan ba ki kaza. Taki ta kanki."

Ta ɗan buɗe ido. A hankali ta ce, "Ta Mama. Mai zane-zane."

Na ce ita ɗin.

Sai ɗana ya yi magana. Bai dube ni ba, yarinyar ya duba. "Ki gaya wa mijinki allura za su yi miki."

Na ce, "Ki gaya wa babanki na sani."

"Ki tambaye shi ko ya manta ƙafata."

Tun yana yaro ba mu taɓa yin maganar ƙafar nan ba, ko ta bakin mahaifiyarsa. Na so in ce masa ba allura ba ce, domin ya saki jiki, amma ba zan rantse a kan abin da ban sani ba.

"Ki gaya masa ban manta ba. Ki gaya masa ban san abin da ya ci ƙafar ba, ko allura ko inna, Allah ne masani. Abin da na sani shi ne jiya kin zage ni da ƙyar, yau ko zagin ba ki iya ba."

Ina tsugune, gwiwoyina suna ciwo, ban san ko na gyara ko na ɓata ba. Surukar ce ta motsa. Ta miƙe, ta juya yarinyar ta ɗora a baya, ta ɗaure zani, ta ce da ita, ba da mu ba, "Mu je ki karɓo kazarki." Ta wuce ta gabana, abin da ba ta taɓa yi ba, ta nufi ƙofa.

Muka shiga keke ni da ita da yarinyar, ni a gaba kusa da direba. Ban waiwaya ba, amma tun kafin mu kai kwalta na ji ƙarar babur a bayanmu, na kuma san ƙarar.

Wani ƙaramin asibiti ne a hanyar Sabon Tasha. Likitar mace ce, matashiya, takunkumi ya rufe rabin fuskarta, idanunta na wanda bai yi barci ba. Aka ɗebi jini a yatsa, aka ce maleriya ce ta yi ƙarfi, ga ruwan jikinta ya ƙare, sai an kwantar da ita. Likitar ta ce me ya sa aka bari har haka. Ɗana kuwa tambayoyi ya shiga jero mata. Mene ne sunan maganin, a ina za a soka, me zai faru idan ba a yi ba, ba a iya ba ta ta baki? Ina daga bakin ƙofa ina jira ta kore shi. Ta amsa wasu, wasu ta ce ba ta da lokaci, ga mutane a layi. Amma ta nuna masa bayan hannun yarinyar, ta ce nan za a sa, ta jijiyar jini, ba a ɗuwawu ba. Ya tsaya yana kallon wurin. Daga nan ya riƙe hannun da kansa, ya juya fuska bango, aka sa.

Bayan 'yan kwanaki aka sallame su. A takardar sallama an rubuta magunguna da dama. Na ji shi yana gaya wa matarsa ya sayi na maleriyar, sauran ba zai saya ba sai an gaya masa aikinsu, ita kuma tana cewa ya koma ya tambaya. Ban san yadda suka ƙare ba.

Yarinya ta tashi, alhamdu lillahi. Mama ta ce addu'ar matan cocinsu ce da siracen. Wata a gurup ɗin surukar ta ce zumar ce ta riƙe ta har aka kai. Ni na san na yi rubutu, na kuma ga ƙarin ruwa yana ɗiga. Ɗana bai ce ya canza ra'ayi ba. Da masu rigakafi suka zagayo layinmu bayan haka, na ji shi da matarsa suna jayayya a ciki, ƙasa-ƙasa, har masu rigakafin suka gaji suka wuce. Da suka sake dawowa ba ya gida, ita ta fito da yarinyar. Ko da saninsa ko ba da saninsa ba, ban tambaya ba.

Saura kaza. Ranar da amarya ta fara cin abinci da kyau, ta leƙo ɗakina ta ce ina kazarta. Na je wurin Mama, sai na tarar mai zane-zanen ta hau kwanci. Mama ta ce ko gwamna ne ya zo ba za ta ɗaga kaza daga kan ƙwai ba, in ɗauki wata. Na kawo wata fara mai ƙiba, amarya ta dube ta ta ce ba ita ba ce, a mayar. Daga nan na shiga uku. Kowace safiya kafin in ce ina tuwona, ta riga ni.

"Tsoho, ina kazata? An soke ni fa. Ga wurin."

Sai ta miƙo mini bayan hannu, in duba, in ba ta haƙuri. Har Mama ta koya, idan ta hango ni ta kan katanga sai ta ce, "Baba Malam, mai bashi ta zo yau?"

A cikin kwanakin ne na ga ɗana ya dawo da guntayen katako da ragar waya a bayan babur. Da la'asar ya zauna a gindin katanga yana ƙwanƙwasawa, ƙafar hagun a miƙe gabansa kamar yadda yake zama tun yana yaro. Na fito zan wuce masallaci na ga ƙusa ta ƙare masa. Ina da wasu a gwangwani, na ba yarinyar na ce ta kai wa kafinta.

Da kazar ta ƙyanƙyashe, 'yan tsakin suka yi ƙwari, Mama ta riƙe su ta ba ni uwar. Na kai mata masara daga bayan gida, ta ce ta yi kaɗan, ta karɓa. Na rungumo kazar na shiga ciki da sallama. Surukar tana tankaɗe, ɗana yana bakin sabon akurkin. Na tsuguna na miƙa wa mai ita.

Ta duba fuka-fukan, ta duba ƙafafun, ta ɗaga wutsiyar, kamar mai saye a kasuwa.

"Ita ce," ta ce. "Na karɓa."

Na ce to yanzu sai tuwona.

Ta ce tuwo ba ya cikin maganar, ta juya ta miƙa wa babanta kazar ya buɗe mata akurki.