Ciyawar Shanun Baba Vernon

Duk wanda ya zauna a unguwarmu shekara shida baya ya san Vernon Kreider, ko da bai taɓa gaisawa da shi ba, don warin takinsa kan riga shi isowa. Gonarsa ce kaɗai ta rage tsakanin layinmu da babbar hanyar Lancaster: eka sittin, shanun madara talatin da takwas, da wata tsohuwar tarakta mai tari kamar mai ita. Gidajen da muke ciki ma da can gonar ƙanen ubansa ce. Mu kuwa da muka gudo daga birni wai don mu shaƙi iskar ƙauye, mu ne masu rufe taga muna tsaki duk ranar da ya watsa taki.

A gidan gonar aka haife shi, kuma bai taɓa kwana uku a jere a wani wuri ba, don saniya ba ta san hutu ba, safe da yamma sai an tatse ta. Matarsa Lorene ta rasu, 'yarsu ɗaya tana can Arizona. Shanun nan su ne danginsa. Kowace da sunanta, kuma dukansu zuriyar wata karsana ce mai suna Tilly, wadda mahaifinsa ya saya tun Vernon yana makarantar firamare. Kowace bazara wani mutumin kamfanin gine-gine kan zo masa da kwandon tuffa da takardar ciniki. Ya ci tuffar, ya hura murhu da takardar.

"Wai in sayar in huta," ya taɓa ce mini ta saman shinge. "In huta in yi me, Paulette? In zauna ina kallon motoci?"

Ni ce Paulette ɗin, kuma ni ce shugabar kwamitin neman filin karnuka. Gara in faɗa da bakina tun yanzu. Kusan kowane gida a layinmu da kare, ga bayan gidajen kamar tafin hannu, ga doka ta hana sakin kare ba igiya. Shekara biyu muna zarya majalisar gari a ba mu wurin da za su yi gudu, amsa ɗaya ce kullum: babu fili, duk an gine.

Rhonda, mataimakiyata, mai baki kamar reza, ita ta fara hango mafita. Wata safiya a watan Yuni muna jan karnukanmu muka ga Vernon ya yanke ciyawar filinsa na gabas, wuri ya yi fes.

"Ke dubi ikon Allah," in ji ta. "Ga fili nan zaune a banza, mu muna ta roƙon 'yan majalisa!"

A banza! Mu mutanen birni in mun ga ciyawa a yanke, gani muke wurin wasa ne. Ba mu san cewa akushin shanu ne ba, sau uku ake yankan ta a shekara, a busar, a ɗaure, ita za su ci duk tsawon hunturu.

Muka gasa kek muka kai masa. Mutanensu Vernon ba su iya cewa maƙwabci a'a ba, balle wanda ya zo ƙofa da abinci a hannu. Ya daɗe yana sosa ƙeya.

"To, ku bi gefen shinge dai," ya ce. "Kuma don Allah duk abin da suka yi, ku kwashe."

"Haba Baba Vernon!" na ce. "Mu da ba ma fita sai da leda a aljihu?"

Gaskiya ne, a kan titi muna kwashewa, don akwai idon mutane. A cikin ciyawa kuwa wa zai gan ka? Kafin wata guda karnuka sun kai arba'in, gefen shinge ya zama tsakiyar fili. Ranar da wata ta tambaya ko ba za mu kwashe ba, ni ce na ce, "Ai taki ne. Shi ma mai wurin ba kashi yake watsawa ba?" Aka yi dariya, ni ma na ji daɗin maganata. Nawa karen, Biskit, bai taɓa jin daɗin duniya kamar wannan daminar ba. Vernon ya wuce a tarakta ya ɗaga mana hannu, mu ɗaga masa. Ya yi yanka na biyu da na uku, ya shigar da ciyawar rumbu.

Cikin Fabrairu saniyar farko ta yi ɓari. Ban sani ba sai ƙarshen Maris, da na kai masa miya da safe na tarar ba ya gida. Na hango shi can kwari, bakin rafi, yana fama da shebur a ƙasar da ƙanƙara ba ta gama sakinta ba. A cikin bokitin tarakta akwai ɗan maraƙi da bai kai haihuwa ba, ko gashi babu.

"Na goma sha ɗaya ke nan," ya ce, bai ɗago ba.

Likitar dabbobi na tsaye wajen motarta, ita ta yi mini bayani. Wata ƙwayar cuta ce da ke fita a kashin kare. Ta zauna a ciyawa, saniya ta ci, ciki ya zube. Saniyar da ba ta haihu ba kuwa ba ta da nono. Abin da ya fi muni, wadda ta kamu ko ta haihu lafiya, 'yarta da cutar za ta zo, haka jikarta. Zuriyar Tilly ta lalace ke nan.

Na ce, "Baba Vernon, me ya sa ba ka yi mana magana ba?"

"Na yi," ya ce. "Na ce ku kwashe."

Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Sai ma ya karɓi miyar ya yi godiya.

Da na kai labari wajen kwamiti, Rhonda ta yi tsalle ta dire. "Wa ya shaida namu ne? Ba karnukan daji a gefen rafin? Kada ki ɗora mana jakar tsaba, Paulette." Mai yiwuwa da gaskiyarta, likitar ma ba ta iya nuna kare ɗaya ba. Muka sayi katin jaje, kowa ya sa hannu, shi ke nan abin da muka iya.

A watan Mayu motoci biyu suka zo suka kwashe shanun, kuma ba wata gonar aka kai su ba. Mai shekara saba'in da huɗu ina zai fara sabon garke? Mutumin kamfani ya dawo, wannan karon ko kwandon tuffa bai riƙo ba. Vernon ya sa hannu a takardar.

Sai dai kamfanin na bukatar goyon bayan maƙwabta kafin majalisa ta yarda a mai da gona gidaje. Sun san lagonmu. Suka ce za su ba mu filin karnuka kyauta, da shinge da famfo da benci. Ranar da aka tara mu a majalisa, aka ce masu goyon baya su ɗaga hannu. Na dubi dama, na dubi hagu, na ɗaga nawa. Kunyar wannan hannun ba ta sake ni ba har yau.

Gida ɗari da ashirin suka tsaya inda ciyawa take. Mu aka ba mu kwarin bakin rafi, don ruwa na kwanciya a wurin, ba ya ginuwa. Aka kafa allo da sunan Vernon a jiki, wai karramawa. Ranar buɗewa ni na ɗauko shi daga gidan tsofaffin da yake zaune yanzu, inda ko kyanwa ba a yarda ka ajiye ba. Ya rame, hannayensa sun yi laushi. Aka ba shi almakashi ya yanka ƙyalle, aka tafa, aka saki karnuka.

Suka yi gudu zagaye ɗaya, biyu. Sai Biskit ya tsaya can ƙasa kusa da rafi yana shinshina, ya fara tono. Wasu uku suka bi shi. Mutane na dariya suna ɗaukar hoto.

Vernon ya kama hannun rigata. "'Yar nan," ya ce a hankali, "ki hana su tono a wurin can. Ban zurfafa ramin ba. Ƙasar ta daskare a lokacin."

Na kira Biskit. Na sake kira, har muryata ta shaƙe. Ko waiwaye bai yi ba.