Jirgi Ɗaya da Surukina

Surukina ne ya koya mini kamun kifi da ƙudan ƙarya, amma bai taɓa koya mini baki da baki ba. Kunya ba ta bari. Yana zaune a Lyon tun da ya ajiye aiki, ni kuwa ina Bobigny, ina aikin rediyo a Paris. Idan na je gaishe shi, sai ya fito da sandar fatsa a filin bayan gida, ya riƙa wurga zare a kan ciyawa yana yi wa wani itacen tuffa bayani. Ni ina tsaye nesa kaɗan, ina sauraren abin da ake gaya wa itace. Haka na iya.

Ƙudan ba ƙuda ba ne. Gashin tsuntsu ne da zare ake ɗaure wa ƙugiya har ta yi kama da ƙwaro, a wurga ta bisa ruwa, kifi ya taso ya kai mata cafka. Kulob ɗin su Baba, wato surukin nawa, yana shirya gasar wannan kamu a wani tafki cikin tsaunukan bayan Lyon, kuma da kansa ya sa aka rubuta ni, ta bakin 'yarsa.

A gasar, mutum biyu ke shiga ƙaramin jirgin ruwa, kowa abokin hamayyar ɗan'uwansa ne, sai alƙali a tsakiya yana tuƙi. Ƙuri'a ke haɗa mutane. Babu mai miƙewa tsaye. Ana raba ruwan da ke gaban jirgi biyu, kowa ya wurga a nasa ɓangaren. Ana danne ƙayar ƙugiya don kada ta yaga bakin kifi, domin da an auna shi ake mayar da shi ruwa. Mutum ɗaya ke faɗin inda jirgi zai nufa, idan lokaci ya yi rabi, a sauya wurin zama, ikon ya koma hannun ɗayan. Babbar dokar kulob ɗin kuwa ita ce wanda ya kama kifi shi zai sa shi a raga da hannunsa. Wani ya taɓa masa sanda ko zare ko raga, kifin ya tashi a banza.

A shekarar da nake magana an yi wa Baba aiki a kafaɗar dama. Ya faɗa wa iyalinsa cewa idan ya kasa sa kifi ɗaya a raga da kansa a wannan gasa, zai rabar da sandunansa ya koma cikin masu kallo a bakin ruwa. Duk wanda ya san shi ya san ba ya magana biyu. Matata kuma, da ta raka ni tashar jirgin ƙasa, ga abin da ta ce: "Ko kofin shayi kada ka bari Baba ya ɗaga."

Na ce to, don na ɗauka jirginsa daban, nawa daban.

Da safe aka zuba ƙuri'a a hular shugaban kulob. Lambata da ta Baba suka zo ɗaya. Faransawa suka yi ta tafi, wai iyali sun haɗu. Baba ya dubi tsauni, ni na dubi takalmina.

Na durƙusa na gaishe shi a kan katakon da ake ɗaure jirage, cikin wandon roba mai kai wa ƙirji, wanda ba don durƙuso aka ɗinka shi ba. Alƙaliyarmu, wata dattijuwar Bafaransa mai jan hula, ta tambaya ko wani abu na yar. Baba ya ce mata, "A'a, gaisuwa yake yi. Ki ba shi lokaci, bai kai kan jikoki ba tukuna."

Rabin farko shi ke da iko. Iska na tura mu a hankali, muna wurgawa gaba. Na kama ƙananan kifaye biyu, irin masu ɗigo-ɗigon nan na ruwan sanyi, kuma kowanne na sa a raga sai na ji kamar na yi rashin kunya. Baba bai samu ko taɓi ba. Zarensa ba ya zuwa nesa kamar da, kuma ina jin ƙaramin nishin da yake yi duk lokacin da ya ɗaga hannu. Da yunwa ta zo, na juya masa baya na ci burodina ina fuskantar ruwa, shi ma ya juya nasa. Alƙaliya ta dube mu ta ce, "Faɗa kuka yi?"

"Ladabi muke yi," in ji Baba.

Aka sauya wuri, kowa na rarrafe. Ta ce da ni, "Yanzu kai ne mai jirgi. Ina muka nufa?"

Na ce, "Duk inda Baba yake so."

Sai ya yi magana da Hausa, ba tare da ya dube ni ba. "Malam, a gidana ni ne Baba. A nan kai ne Sarkin Ruwa. Kada ka mayar da ni abin tausayi gaban mutane."

Na zaɓi wani lungu kusa da ciyayi, inda na ga ƙwari na tashi, inda kuma ba sai an wurga da nisa ba. Idan ya lura da dalili na biyu, bai nuna ba.

Can kifin ya zo. Ruwa ya buɗe, sandar Baba ta lanƙwashe har kanta na shafar tafki. Babba ne. Ya ja, Baba ya saki zare, ya dawo, Baba ya tattara. Da kifin ya gaji ya kwanta a gefen jirgi, sai matsalar ta fito fili. Dole hannun dama ya ɗaga sanda sama sosai kafin na hagu ya zura raga, kuma kafaɗar ta ƙi wuce rabi. Ya gwada, kifin ya zille. Ya sake, ragar ta doki gefen jirgi. Gumi na zuba daga ƙarƙashin hularsa.

Ragata na kusa da gwiwata. Tun ina yaro, ban taɓa ganin babba da kaya na tsaya kallo ba, ga kuma muryar matata a kunnena. Hannuna ya fara tafiya da kansa. Sai na ɗaga cinyoyina na zauna a kan hannuwan nan biyu, na danne su.

Baba ya mayar da sandar hannun hagu, abin da ban taɓa ganin ya gwada ba ko a gaban itacen tuffa. Ya kwantar da ragar cikin ruwa da hannun da ke ciwo, bai ɗaga ta ba, ya jawo kifin a hankali har ya shige da kansa. Alƙaliya ta auna, ta rubuta, ta sake shi. Bai ci gasa ba, ni ma haka. Amma da muka sauka, ya naɗe sandunansa ɗaya bayan ɗaya ya mayar da su motarsa.

Wani ɗan kulob ya ɗauki hotonmu daga jirginsa, kuma kafin mu isa gida hoton ya riga mu zuwa wayar matata. Ta kira, na sa a kunne, amma muryarta ta cika motar.

"Baba na fama, kai kana zaune a kan hannunka kamar mai jiran aski?"

Baba ya rage gudu. Bai karɓi wayar ba, bai kuma dube ni ba. Gilashin gaba ya yi wa magana, yadda yake yi wa itacen tuffa.

"A gaya mata," in ji shi, "tun da ta kawo shi gidana bai taɓa girmama ni kamar yau ba. A kuma gaya masa baɗi ya riƙa sassauta wuyan hannu, wurginsa na tsorata kifi."