Mai Kwance Waya a Bututun Hayaƙi

A kicin ɗin wani otal kusa da tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan, wani dattijo yana tsaye kan kujera, kansa cikin rumfar ƙarfen da ke zuƙe hayaƙin murhu. Ban san shi ba, na dai ji ana ce masa Baba Kumai. Kakinsa irin na waɗanda suka dawo daga yaƙin basasa ne. Kunnensa na hagu ya narke ya manne da wuya, yatsunsa biyu sun haɗe. Aikin wuta ne, ba sai an faɗa ba.

Cikin bututun da ke saman rumfar akwai ƙyauren ƙarfe da guntun dalma ke riƙewa. In man suya ya kama da wuta, dalmar ta narke, ƙyauren ya faɗo ya tare wutar kafin ta kai rufi. Amma masu girki sun ɗaure shi da waya, don wani lokaci zafin suya kaɗai kan rufe shi, hayaƙi ya cika musu ido.

Yana kwance wayar a hankali, baƙin maiƙo na ɗiga masa a fuska.

"Afiniki, 'yata, kar ki ƙara ɗaure abin nan," in ji shi ga mai suyar doya.

"To, Baba."

Ba ya faɗa, ba ya wa'azi. Ina zaton akwai wani kicin da ya taɓa kamawa da wuta, shi kaɗai ya fito daga ciki da rai.

Ya sa wayar a aljihu ya fita. Bai ko kai bakin titi ba, Afiniki ta jawo kujerar, da sabuwar waya a hannunta.