Huɗu da Nema, da Jan Biro

Ko da zan manta ranar da na kama aikin koyarwa, ba zan manta wata Asabar ta farkon shekarar 1989 ba, ranar da na cire ƙasarmu daga gasar ƙwallon matasa ta duniya ni kaɗai, da jan biro.

Lokacin ina koyar da tarihi a wata sakandare a Kafanchan. Ina da wani littafi mai baƙin bango da nake rubuta duk wasan da ƙungiyar matasan ƙasarmu, 'yan ƙasa da shekara ashirin, ta buga: da wa aka kara, a ina, nawa aka tashi. Nasara da shuɗin biro, shan kashi da ja. Shekara biyu kafin nan jan biron ya sha aiki, don tun zagayen farko aka koro yaran gida. In gardamar ƙwallo ta kaure a ɗakin malamai, sai a ce a kira Tisha. In zo in buɗe shafi, kowa ya yi tsit. Ina jin daɗin shirun nan fiye da kima.

A Asabar ɗin aka sa mana ranar kai gaisuwa gidan su wadda nake nema, a Godogodo. Babanta tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, dattijon ikilisiya, kuma ya riga ya sallami manema biyu. Ita da kanta ta gargaɗe ni: "Baba ba ya duba aljihu, baki yake dubawa. Abin da ba ka tabbatar ba, kada ka faɗa a gabansa." Na yi murmushi. Ni da nake da littafi?

Ranar kuma yaranmu suke karawa da Rasha a Saudiyya, wanda aka ci ya koma gida. Kawuna, wanda zai yi magana a madadin iyayena, ya ɗaure gishiri da goro da zakara a bayan babur yana jira, ni ina ɗaki kunnena a jikin rediyo. Aka zura mana ɗaya, aka ƙara, aka ƙara. Da ta huɗu ta shiga, saura kamar rabin awa a tashi. Kawu ya leƙo ya ce, "Kai, mata za ka nema ko Rasha?" Na duba shafukan baya, ban ga inda aka taɓa fanshe huɗu ba. Tarihi ya yanke hukunci. Na rubuta huɗu da nema da ja, na ja layi biyu a ƙasa, na kashe rediyo don kada batir ya lalace a banza, na sa littafin a aljihun kwat.

A Godogodo aka shimfiɗa mana tabarma, aka buɗe da addu'a, aka yi gaishe-gaishe masu tsawo har da na mutanen da suka rasu. Kafin Kawu ya shiga maganar da ta kawo mu, sai tsohon ya juyo gare ni.

"Tisha, rediyona tana wurin gyara. Yaya yaran namu?"

Da na ce ban ji ƙarshe ba, da an wuce wurin. Amma na ga dama ta samu. Na gyara zama, na ciro littafi, na ɗauko tarihin ƙungiyar tun daga shafin farko, na bi shekara shekara, na rufe da cewa yau an cire mu, huɗu da nema.

"Ka tabbata?"

"Baba, har na rubuta."

Ya duba jan rubutun, ya cire hula, ya ce mu yi wa yaran addu'a Ubangiji ya dawo da su gida lafiya. Muna tsakiyar addu'ar ce ihu ya tashi daga bakin kasuwa. Ba mu kai ga amin ba sai ga maƙwabcinsa, wani Alhaji mai sayar da hatsi, ya faɗo gidan da rediyo a kafaɗa, takalmi ƙafa ɗaya.

"Dattijo, ina kake! Sun fanshe! Huɗu da huɗu, aka je fanareti, mun cinye su!"

Tsohon bai buɗe ido ba sai da ya ƙarasa addu'arsa. Kawu yana kallon zakara, zakara yana kallona. Daga bayan labule na ji dariyar da na sani, ana ta ƙoƙarin danne ta.

Ya miƙo hannu, na ba shi littafin. Ya sake miƙowa, na ba shi jan biron. Ya zagaye sakamakon kamar yadda nake yi wa ɗalibaina, ya rubuta a gefe: A sake.

"Tisha," in ji shi, "na tsufa a tasha. Ko ina ganin hayaƙin jirgi da idona, ban taɓa rubuta ya iso ba sai ya tsaya. Ku koma da gishirinku. In an gama gasar ka zo ka faɗa mini yadda ta ƙare."

Zakaran dai tsohon ya riƙe shi.

Muna shigowa Kafanchan Kawu ya ce mini, "Da Rasha ka nema, da ta fi sauƙi."

Yaran suka kai wasan ƙarshe, aka ci su biyu da nema. Na zauna gaban rediyo har alƙali ya hura tashi, har aka ba da kofi, har aka koma sanarwar cigiya. Washegari na sayi jarida na gwada, sannan na rubuta, na hau motar Godogodo.

"Ka tabbata?" in ji tsohon.

"Baba, jirgin ya tsaya. Fasinja ma sun sauka."

Sai ya ɗaga murya ya ce a kawo wa surukinsa ruwa.

Littafin yana nan har yau, da zagayen tsohon a jikinsa. Matata takan ɗauko shi duk ranar da na cika tabbaci a kan wata magana, ta ajiye kusa da kwanon abincina. Abin da na koya kuwa bai da yawa, amma ya riƙe ni har na yi ritaya: sanin abin da ya faru jiya ba ya ba mutum izinin rubuta na yau. Tun daga ranar, ko ɗalibi ya faɗi jarrabawa sau huɗu, ba na ɗaukar jan biro sai ya miƙo takarda.