Cokalin Inna Rediyo

Duk wanda ya taɓa bi ta layinmu ya ga Baba Fanka, ko da bai lura ba. Shi ne tsohon nan da ke zaune a ƙarƙashin matattakalar benen haya, tsakanin shagon Mai Aski da akwatin Mai Kati mai sayar da katin waya, matattun fankoki sun yi masa rumfa. Wurin nasa ko akuya aka ɗaure a ciki sai ta kai ƙara. Teburi ne guda, da kujera mai ƙafa uku, bulo ne ta huɗun, sai gwangwanayen madara cike da kusoshi da guntayen waya, don Baba bai taɓa jefar da abu ba tun da uwarsa ta haife shi.

Magana ma haka yake tattalinta. Ka kawo masa fanka, ya juya ta da yatsa, ya kara kunne, ya ce, "Kwayil." Ka ce yaushe za ka dawo, ya ce, "Jibi." An gama hira ke nan, sai ka kama gabanka.

Ba laifinsa ba ne, bai samu fili ba ne. Matarsa, Inna Rediyo, ita ta riƙe bakin gidan gaba ɗaya. A can hawa na ƙarshe take, tana da firji babba tana sayar da ƙanƙara, kuma daga tagarta take mulkin layin. Ta nan take raba faɗa, ta nan take tayar da wani in ta ga an yi shiru da yawa.

"Baban Auta!" sai ta kwaɗo masa kira daga sama. "Shayinka ya huce! Ko shi ma jibi za ka sha?"

Ba ya ko ɗaga kai. Amma in ka dube shi da kyau, za ka ga gemun yana motsi.

Wata safiya aka tsince ta a kwance gefen firjin, ledar ƙanƙara na narkewa a hannunta. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, harshen ma ya tafi. Mai Aski, wanda ko a gaban gawa sai ya nemi abin tsokana, ya ce, "Yau kam an ɗauke wa layin nan wuta." Ba wanda ya yi dariya, har shi mai faɗar.

'Yarsu Auta ta zo ta tafi da ita can garin da take aure, tafiyar wuni da kwana a mota. Ba yadda za a yi. Baba ba zai iya hawa da sauka da ita a benen nan ba, asibitin gashin ƙashi kuma yana kusa da Auta. Shi ma ba zai bi su ba: ɗaki ɗaya ne da 'yarsa da mijinta, kuma in ya rufe teburi, wa zai aika na magani?

Auta ce ta kawo dabara. Gidan da take haya, mai gidan ya haɗa intanet a cikin kuɗin ɗaki. Kullum kafin ta tafi aikinta a gidan burodi, sai ta jingina wata tsohuwar waya a kan kujera saitin gadon, ta sa ta a caji, ta kira uban ta bidiyo, ta ja ƙofa. Shi kuma ya jingina tasa da gwangwanin kusoshi. Haka za su wuni har magariba. Yana naɗin kwayil, wayar nan ta cikin injin fanka, tana kallonsa, tana kallon ƙafafun masu wucewa a layin da ta mulka. Lokaci-lokaci ya ɗaga ido ya ga idonta, ya koma aiki. Auta ta bar mata cokali da kofin silba kusa da hannun hagu mai motsi. In wani ya yi wa Baba tayin wulaƙanci, sai ka ji ƙwal-ƙwal-ƙwal daga cikin waya.

"Ka ji ta ko?" in ji Mai Aski. "Rediyo ba batir, amma tasha ba ta rufe ba. Inna, ina gaisuwa! Tsohon naki har yanzu bai iya wanke riga ba!"

Ƙwal.

A lokacin abin da sauƙi. Ka biya kamfanin waya sau ɗaya a wata, ka sha har ka ture. Ana nan, sai ga saƙo ya shigo wayoyin mutane: wai don a yi adalci, daga yanzu kowa zai biya daidai abin da ya sha. Baba bai ko karanta ba. Shi dai ya sa kati kamar kullum, ko mako ba a rufa ba, yana cikin ɗaura wa wata fanka fuka-fuki, fuskar Inna ta tsaya cak, ta ɓace.

Ya tsallaka wurin Mai Kati da wayar a hannu. "Ta mutu," ya ce.

"Ba ta mutu ba, Baba, data ce ta ƙare. Da famfon unguwa kake sha, yanzu sun sa maka mita."

"Ni ba magana nake ba. Shiru muke yi."

"Shirun ma da kuɗinsa. Ba bakin ke ci ba, hoton ne. Naka da ke tafiya ana awo, nata da ke zuwa ana awo."

Mita dai Baba ya san ta, shekarunsa nawa yana faɗa da ita. Amma bai taɓa jin mitar da ke karanta kallo ba.

Ya gwada kiran murya zalla, mai arha. To me zai ji? Numfashi da ƙarar fankar ɗaki. Ita kuma ba ta ganin kowa sai bango. Auta ta bugo ta ce, "Baba, Inna fa ta rufe baki, ko ruwa sai da faɗa." Ya koma bidiyo. Ga kasuwa ta yi sanyi, mutane sun koma sayen 'yan fankokin roba masu caji, in sun lalace a wurga bola. Ya sayar da fankokin da masu su suka manta da su. Ya rage shayi. Duk da haka mitar tana gabansa, yana bin ta da gudu.

Mai Kati ne ya ba shi shawara, kuma da kyakkyawar niyya. "A rufe kyamara ɗaya mana. Ko ka gan ta, ko ta gan ka. Za ka ga sauƙi sosai."

Baba ya kwana yana juya zancen. Shi yana da layi, yana da Mai Aski, yana da rana da ke faɗowa kan matattakala. Ita wannan ɗan gilashin ne tagarta. Da safe ya ce wa Auta, "Rufe nata."

"Baba, ko na buɗe maka da safe ku gaisa, sannan na rufe? Wannan ai ba zai ci komai ba."

"A'a. Kallon sata ba ya ƙosar da ni. Bari in tara. Ƙarshen wata a buɗe min, in gan ta wuni guda cur."

Halin tara guntun waya ne ya motsa. Auta ta san ubanta, in ya kafe ko jaki ya sallama masa. Ta rufe.

Daga ranar, abin da ke jingine da gwangwanin kusoshi baƙin gilashi ne kawai. Kuma a nan ne abin mamaki ya faru a layinmu. Tunda ba ya ganin ta, ba yadda zai san tana nan sai ya ji cokali, cokalin kuma ba ya motsi sai an taɓo shi. Dole Baba Fanka ya buɗe baki. Da farko kamar ƙofar da ta yi tsatsa.

"Tsohuwa. Ga fankar tela. Ta sake dawowa."

Ƙwal.

"Na ce masa boris ne. Ya ce tsada."

Ƙwal-ƙwal.

Kafin wani lokaci ya zama mai rahoto. Wa ya tashi daga bene, wa ya shigo, matar wa ta yi yaji, nawa ake sayar da ƙanƙara yanzu da ba ta nan, da yadda ta sabuwar mai sayarwar ke narkewa tun kafin a kai gida. Mai Aski ya riƙa leƙowa da almakashi a hannu.

"Jama'a ku zo ku ga ikon Allah! Fanka ta kama tasha! Baba, da ma kana da wannan harshen ka bar baiwar Allah tana ta wahala ita kaɗai?"

"Koma kan ƙeyar mutane," in ji Baba. Layi ya ɗauki shewa, don wannan ce baƙar magana ta farko da aka taɓa ji daga bakinsa.

Wata ya kusa ƙarewa, kuɗin magani ya taso, ga wunin da ya yi alkawari. Abu ɗaya ya rage a sama mai daraja: firjin Inna. Ya san firjin nan ba firji ba ne kawai a wurinta. Muddin yana ɗakin, to za ta dawo ke nan. Ya ce a ransa in ta warke ya sayo mata wani. Ya yi ciniki a ɓoye da mai kantin lemo, ya aika wa Auta na magani, ya sa data mai yawa irin wadda bai taɓa sawa ba, ya ce a zo a ɗauka da rana.

Abin da ya manta shi ne, matattakalar tana bayansa, wayar kuma tana kallonsa.

Maƙwabciyar Auta, wadda ke shiga da rana ta ba Inna abinci ta juya ta, ta gama ta fita ke nan, Baba ya ji rufe ƙofarta ta cikin waya. Sai ga ƙarti sun sauko da firjin, suna nishi, suna "riƙe nan, saki can." Farin firji, da hoton furen da Inna ta manna a murfinsa, ya ratsa ta bayan Baba a hankali kamar ana nuna mata shi da gangan.

Cokali ya ɓarke. Ba ƙwal-ƙwal ɗin da aka saba ba, duka ne ba ƙaƙƙautawa, har Mai Aski ya kashe injinsa ya leƙo.

"Yau ka shiga uku, Baba. Wannan zagin ko ni na ji nawa a ciki."

"Tsohuwa, tsaya ki ji," in ji Baba. "Tsaya mana."

Dukan ya ci gaba, ya rage ƙarfi, ya koma kamar ana jan cokalin a jikin kofi. Sai shiru.

Baba ya san fushinta. Tun tana da baki, in abu ya kai mata wuya, shiru take yi, kuma shirun nata ya fi faɗan ciwo. Don haka bai kira Auta ba, bai nemi maƙwabciya ba. Ya ajiye abin dalma, ya jawo kujera gaban baƙin gilashin, ya shiga lallashi.

Ya ce zai sayo mata wanda ya fi shi. Ya ce ai tsohon yana yoyo, ita ma ta sani. Da ya ga ba amsa, sai ya gangara wasu zantukan. Ya tuna mata ranar da suka hau da firjin nan, tana sama tana ba da umarni har ya kusa danne shi. Ya ce ɗakin ya yi masa faɗi. Ya ce shayin da yake haɗawa da kansa ba ya shayuwa. Ya ce duk shekarun nan da take kiran shi ta taga, yana ji, jan rai yake don ta sake kira. Mai Aski ya buɗe baki zai yi tsokana, ya dubi fuskar tsohon, ya koma shagonsa ya ja labule. Wanda ya kawo fanka a ranar, da ita ya koma.

Rana ta yi sanyi, ya ji an buɗe ƙofa a can. Ya ji an ajiye jaka.

"Inna, na dawo. Inna?"

Sai ya ji ihun Auta, abin da duk layin muka ji, don wayar a buɗe take.

Kafin motar da ya hau ta isa, an riga an kai Inna makwancinta. Likita ya ce ciwon ne ya sake bugawa, kuma da an kawo ta da wuri, to, Allah ne masani. Baba bai tambayi kowa komai a can ba. Sai da ya dawo ya tsaya gaban akwatin Mai Kati.

"Mutanen nan da ke awon komai," ya ce, "za su iya gaya min dukan nan na mene ne? Faɗa take min, ko kira take?"

"Baba..."

"To ko lokacin da ta tafi. In san inda ta tsaya da ji."

Mai Kati ya sunkuyar da kai yana jera katunan da ke a jere. "Awo kawai suke yi, Baba. Ba sa sauraro."

Saƙo ya shigo masa ana gobe wata zai ƙare, wai datarsa tana nan da yawa, ya yi amfani da ita kafin ta ƙone. Da safe ya kira Auta.

"Sa wayar inda kike sa ta. Ki buɗe."

"Baba, ba kowa a gadon."

"Na sani. Ranata ce. Buɗe."

Ta buɗe, ta tafi aiki tana kuka. Hoton ya fito tangaran, bai taɓa yin kyau haka ba. Ga gado an gyara shi, ga matashi da ɗan lotsawa a tsakiya, ga kofin silba duk ya lanƙwashe ta gefe guda. Baba ya jingina wayar da gwangwanin kusoshi, ya zauna a kujerarsa mai ƙafa uku, ya harɗe hannu. Ko fanka ɗaya bai taɓa ba. Haske ya bi bangon ɗakin ya hau gadon, ya sauka, yana kallo.

Mai Aski ya kawo masa shayi ya ajiye a gefen teburi. Har aka rufe shaguna yana nan inda aka ajiye shi, ya huce.