Ta'aziyya a Otal ɗin Milan

Signora Nunziata na tsaye a falon wani otal na 'yan gayu a Milan, gajera, kakkaura, ta rungume kwando kamar jinjiri. Daga gani daga ƙauyen kudu ta fito. Wataƙila ɗanta ne ya yi arziki ya kama mata ɗaki.

Tana ƙare wa wurin kallo. Bango fari fat, ba hoto ba labule, ma'aikata duk a rame cikin baƙaƙen kaya, suna magana ƙasa-ƙasa. A garinsu wannan gidan makoki ne, kuma ba a barin masu makoki da yunwa.

Ta kamo hannun budurwar da ke karɓar baƙi.

"Sannu da haƙuri, 'yata. Wa ya rasu?"

"Ba kowa, Signora. Adon wurin ne haka."

"Ayya, ta ruɗe!"

Kafin a ankara, ta juye kwandon, teburin marmara ya cika da burodi, cuku da barkono mai ɗigar mai. Manaja ya taho hanawa, ta danna masa loma a baki.

Ga shi can yana tauna, yaji ya kawo masa hawaye, tana shafa bayansa.

"Yi kukanka, ɗana. Daina ɓoyewa."