Inna a Gidan Mutane

Wana, wato yayana, shi ne ya kafa mana parabol, farantin nan na kamo tashoshin talabijin, a gida, shekarar da butik ɗinsa, kantinsa na kasuwar Gure, ya tsaya da ƙafafunsa. Ni a lokacin na dawo wajen Inna da zama bayan rasuwar mijina, ina koyarwa a lakwal, makarantar boko, da safe. Shi yana da nasa gidan, amma kullum bayan la'asar sai ya biyo ta wajenmu, wai ya zo gaishe da Inna. Gaisuwar ba ta wuce kalma biyu, sai ya kama telekomandi yana canza tasha. Akwai wani shiri na Turawa da ya shiga ransa. A ɗauke mutanen gida a kai su wani wuri, ma'aikata su shigo da manyan gudumomi su rushe bango, su fasa taga, su shafe ko'ina da fari. Daga ƙarshe a dawo da masu gidan an rufe musu ido da hannu, a buɗe, matar ta dafe baki ta fashe da kuka. Wana ba ya gajiya da wannan kukan. Ni ma, kada in yi ƙarya, ina son wurin da ake buɗe idon.

Inna tana zama a gefe a kan tabarmarta, ba don ta gani ba, don yanar ido ta riga ta rufe mata gani sai dishi-dishi. Ni nake fassara mata. Ta kan saurara har ƙarshe, ta ce ita dai kuka ta ji, mu ne muka ce na murna ne. Mu yi dariya, mu ce Inna ba ta waye ba. A lokacin ta fara ɗan mantuwa, ta ajiye carbi ta neme shi, ta kira ni da sunan ƙanwarta da ta rasu. Amma a cikin gidanta ba ta taɓa yin tuntuɓe ba. Gidan ƙasa ne, mahaifinmu ya gina shi da ya taso daga Damagaram, tun ba a haife mu ba. Ko da ido rufe ta san inda randa take da inda turmi yake kwana.

Da Allah ya kira ta Makka, kawunmu ne ya raka ta. Abu ɗaya ta yi ta nanatawa kafin ta tafi. Mutane suna roƙon su mutu a can, ita kuwa ta ce a yi mata addu'a ta dawo ta cika a ɗakinta, inda mahaifinmu ya cika.

Kowa ya san in mutum ya tafi aikin hajji, akan yi wa gidansa kwaskwarima kafin ya dawo. A yaɓe inda damina ta zaizaye, a shafa farar ƙasa, a zuba sabon rairayi a tsakar gida. Iyakar abin ke nan. Amma wana abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Motar alhazai ba ta kai ko garin Gidigir ba ya turo maso, wato magini, da leburori. Na ce masa a bar ɗakin Inna yadda yake, ya ce ai ɗakin ne ma dalilin aikin, tsohuwa mai ciwon gwiwa ba ta kwana a ƙarƙashin azarar da gara ta ci. Gaskiyarsa ce ta wannan gefen, kuma don ƙauna ya yi. Sai na koma ina zaɓen launin labule.

Suka rushe ɗakinta da nawa da katangar da ta raba su. Suka ta da salo, wato falo, mai faɗi na bulo da siminti, da ɗakuna biyu a jikinsa, rufin kwano da plafon, silin ke nan. Ƙofar da muke sunkuyawa mu shiga ta zama doguwa ta ƙarfe. Tsakar gida duk aka shimfiɗa mata karo, tayil mai sheƙi, aka ja pompon ruwa har gindin madafa, aka kawar da randa. Ban taɓa ganin aikin gini ya yi sauri haka a garin nan ba. Wana yana tsaye a kansu da wayarsa yana ɗaukar hoton kafin da na bayan.

Ranar da ta dawo gida ya cika da 'yan taryar Hajiya. Wana ya so ya rufe mata ido da hannu a bakin zaure, na harare shi ya fasa, don me za a rufe a idon da ba ya gani? Ta shigo tana riƙe da hannuna. Da ƙafarta ta taɓa karo sai ta tsaya cak. Ta cire takalmi, ta yi sallama, ta jira. Mata suka yi guɗa, aka ce Hajiya ta kasa magana don daɗi. Ta zauna a bakin tabarma can kusa da ƙofa, ta raba dabino da zamzam, ta sa wa kowa albarka. Sai da mutane suka watse ta jawo ni kusa, ta yi ƙasa da murya.

"Gidan wa kuka sauke ni?"

Na ce gidanta ne, yaya ne ya gyara mata. Ta ce Allah ya yi masa albarka, ya kyauta, amma gobe da wuri mu ƙarasa gida, kada mu nauyaya wa mutane.

Mun ɗauka gajiyar hanya ce. Gobe ta zo ta wuce, Inna ba ta kwance jakarta ba. Ba ta cire mayafi, ko a zafin rana. In na kawo tuwo ta ci loma kaɗan ta ture, ta ce baƙo ba ya cinye kwano. In za ta kewaya sai ta ce in tambayo mata izini. Matar da muryarta take kaiwa gida na uku in an bar mata tsintsiya a hanya, ita ce ta koma magana kamar mai raɗa. Na yi kewar faɗanta har ina barin kwanuka ba wanki da gangan, ko za ta tanka. Ta wuce su abinta, ai ba kwanukanta ba ne.

Abin da ya fi tayar mini da tsikar jiki shi ne jikinta bai yarda da bakinta ba. In za ta shiga salo sai ta sunkuyar da kai, alhali ƙofar ko raƙumi ya shige. Ta ɗaga ƙafa ta tsallake dokin ƙofar da babu shi. A tsakar gida ta yi kwana ta kauce wa randa, a fili fetal. Wata rana na same ta tsaye tana shafa bangon siminti da tafin hannu, daidai inda alkukinta yake a da, inda take ajiye kwalli da ashana. Ina kallonta sai na fara ganin tsohon gidan yana tsaye a cikin sabon, ita kaɗai take yawo a cikinsa. Har na kama kaina ina kauce wa randar ni ma.

Sannan ga matar gidan. Ɗakin ƙasa ba ya maido da magana, yana shanye ta ne. Salon wana kuwa, da karo da plafon da ƙarancin kaya, in ka yi tari sai ya dawo maka. Inna ta kan tsaya a bakin ƙofarsa da tsakar rana, lokacin da gari ya yi tsit ko akuya ba ta motsi, ta yi sallama. Muryar ta dawo mata siririya daga can ciki. Sai ta gyaɗa kai. Ta ce mini matar gidan tsohuwa ce kamar ta, mai kunya, ba ta fitowa, amma ba ta taɓa ƙin amsa sallama ba. Na yi mata bayani irin na lakwal, na tafa hannu don ta ji yadda ƙara take dawowa. Ta ce in daina tafi a gidan mutane.

Wata rana na dawo daga aiki, ina zaure ina cire takalmi, na ji ta yi sallamar. Shiru ya biyo baya, shiru mai tsawo, har na ajiye jakata. Sannan na ji an amsa. Na san abin da na koyar da yara a kan sauti, na kuma san cewa mai yiwuwa ita ce ta maimaita a hankali. Amma ban shiga salon nan ni kaɗai ba sai da rana ta yi sanyi, kuma ban gaya wa wana ba.

Muka kai ta wajen likita a Damagaram, aka ce ruɗewar tsufa ce, sauyin wuri yakan tsananta ta. Wana ya ce wane sauyin wuri, ai ko taku ɗaya gidan bai matsa ba. Malam ya ba da rubutu, ta sha don kada ta ba shi kunya. Tana ta ramewa, zanenta yana zagaye ta sau biyu. Wana ya daina kunna tele in ya zo. Sai ya zauna a ƙasa kusa da ita yana lissafa mata abin da ke ina: nan ne ɗakinki, Inna, nan gadonki yake, nan Baba yake shimfiɗa buzunsa. Ta ce masa yaron nan akwai son wasa.

Ran da ta kasa tashi sallar walaha a tsaye, ta kira ni, ta kama wuyan hannuna da ƙarfin da ban san tana da shi ba.

"Jikina yana gaya mini magana. Kada ku bar ni in mutu a gidan mutane, a ɗora musu wankan gawa a wannan ɗaki mai kyau. Na roƙe ku don Allah, ku kai ni gida."

Ban taɓa jin tausayi da tsoro sun haɗu mini wuri ɗaya kamar ranar ba. Na aika aka kira wana. Ni na kawo dabarar, cewa mu sa ta a mota da jakarta, mu zaga gari, mu dawo da ita ta ƙofa kamar yanzu ta iso. Muka bi ta kasuwa, muka fita har inda tudun rairayi ya fara cin gidajen bakin gari, muka juyo. Tana zaune a baya ta rungume jaka, fuskarta a sake. Da muka kusa, wata motar kaya ta tare titinmu, dole wana ya ratse ta lungun bayan gida. Lungun matsattse ne, yana tafiya a hankali, Inna ta fitar da hannu ta taga yatsunta suna gogar katanga. Sai ta ce a tsaya.

Katangar bayanmu ce. Ita kaɗai maso bai taɓa ba, don wana ya ce ba mai ganin ta. Tana nan da jar ƙasarta da tsagoginta. Inna ta fito da kanta, ta bi ta da tafin hannu, ta kai wani wuri ta tsaya.

"Ga shi. Wa ya toshe mini ƙofa?"

A gidan nan aka haife mu, ni da wana, ba mu taɓa sanin ƙofa a wurin ba. Na buɗe baki zan ce mata haka, sai na ga ya ciro ƙarfen taya daga mota. Ya kankare yaɓen daidai saman hannunta, ƙasa tana zuba a kan farar rigarsa. Can sai ga bakin azara, a kwance, baƙa ƙirin, da tubalan da aka cike ƙasanta da su. Muka kalli juna. Bai tsaya ba sai da ya buɗe wurin da mutum zai iya shiga a sunkuye.

Bayan katangar ɗan tsukin fili ne tsakaninta da bayan sabon gini, inda leburori suka jibge ƙasar ɗakinta da suka rushe. Inna ta shiga ba sallama. Ta zauna a kan tarin ƙasar, ta ɗebo ta a hannu ta shinshina, ta miƙe ƙafa. Ta ce gida ya lalace da ba ta nan, ko shara ba a yi ba, kuma da ƙarfi ta faɗa, da muryarta ta da. Wana ya juya baya yana share fuska da hula.

A ranar ya sa aka kafa mata rumfar zana a wurin, aka kawo katifa da randa. Ta kwance jakarta. Na dama fura na zagayo da ita ta lungu, zuciyata fara ƙal, ina cewa Inna ta dawo. Ta karɓa ta sha sosai, har ta suɗe ludayi. Sannan ta ɗago ta dube ni da idanun nan masu yana, ta yi mini murmushin da ake yi wa 'yar maƙwabta.

"Ke 'yar gidan can ce ko? Ki gaishe da tsohuwar, ki ce na gode da masauki. In kuma kin ga 'ya'yana a hanya, mace da namiji, ki ce musu na iso gida, ina nan ina jiran su."